Wanda Zai Karanta wa Baba

Tun da idanun Baba suka daina gani, autarsa ce ke karanta masa littafi ɗaya kowane wata, kullum bayan la'asar, a barandar gidansu. Ranar da makanikin da ke neman aurenta ya zo jin amsa, suna tsakiyar babi. Ta sa yatsa a shafin, ta fito bakin ƙofa.

"Ba zan iya ba," ta ce, idonta a ƙasa. "Yayyena duk sun watse. Abinci kowa zai aiko masa. Karatun fa?"

Makanikin mutum ne mai in'ina, ko gaisuwa a gajarce yake yin ta. Ya daɗe yana kallon yatsan nata. Sai ya goge hannunsa a wando, ya zare littafin, ya je ya durƙusa gaban tsohon.

Kalma ta uku ta maƙale masa, gumi ya keto a goshinsa. Ta ji kamar ta ƙwace littafin don ta rufa masa asiri, amma bai tsaya ba sai da ya kai ƙarshen shafin.

"Wane ne wannan yake tafiya kamar motar da mai ya ƙare mata?" in ji Baba.

"Ni ne, Baba. Gi-gidana kusa ne. Kullum za mu zo. In ta gaji, in karɓa."

Baba ya juyo wajen ƙofa. "Auta, ke gudu kike yi, rabin labarin nake kamawa. Bar shi ya ci gaba."

Ta shiga ciki, ta ɗauko masa kujera.