Ɗakin Gani

A wannan zamanin, ɗalibin ajin ƙarshe ba ya zaɓen kwas sai ya shiga Ɗakin Gani. Zai faɗi abin da yake son karantawa, bango ya nuna masa wani yini daga rayuwarsa ta gaba.

Bara'atu ta shiga da rawar jiki, ta bar Inna zaune a bakin ƙofar makaranta.

Ta ce, "Likitanci."

Sai ga ta da farar riga a wani asibiti. A yatsarta akwai zoben azurfar Inna, wanda Inna ta sha cewa sai ranar da za a yi mata wankan gawa za a cire shi.

Ta ƙura wa zoben ido. Ta ce, "Lauya." Zoben yana nan. Ta ce koyarwa, ta ce noma, har ta ce ta fasa karatun, za ta zauna a gida. Tufafi suka yi ta canzawa, zoben bai bar yatsarta ba.

Malam Tukur, mai kula da ɗakin, ya ƙwanƙwasa. "Akwai masu jira, Bara'atu."

Da ta fito, Inna ta miƙe tana dafa gwiwa. "To, me kika gani?"

"Likita, Inna."

"Alhamdu lillahi! Ni fa, kin gan ni?"

Bara'atu ta sunkuya tana gyara takalmi. "Kin yi ƙiba ma."

Inna ta yi dariya, ta ɗaga hannu za ta tsayar da mota. Bara'atu ta riƙe hannun.

"Mu taka da ƙafa, Inna. Ba sauri muke ba."