Kafin a Kaɗa Ƙararrawa

Takalmin gudun yana saman kabad, bayan akwati, inda Sajan take tsammanin Barewa ba zai duba ba. Ya taka kujera ya ɗauko shi, ya cusa a cikin riga, ya koma teburinsa kamar ba shi ba.

Sajan ba soja ba ce. Wata mata ce da ya wayi gari ya gan ta a gidan bayan rasuwar matarsa, ya ɗauka dangi ne suka ɗora masa ita don girki da wanki. To, ta kama girki da wanki, ta haɗa har da shi. Makullin ƙofa yana rataye a wuyanta. Ita ke faɗin lokacin cin abinci, da lokacin shan fararen ƙwayoyin nan da ta ce na ƙarin ƙarfi ne. Shi ya raɗa mata sunan, kuma ko sau ɗaya bai ba ta dariya ba.

Gasar tsaunuka kuwa ranar Asabar ce, gudun wuni guda, hawa da gangara. Barewa, wanda ya samo sunan nan a filin tsere, ya san ƙa'ida: duk wanda bai iya haye tudun bayan gari ba tare da tsayawa ba, kada ma ya ɓata lambar shiga gasar. Shi kuma bana ko sau ɗaya bai kai ƙololuwa ba.

Yaushe zai kai? Da safe ga gyaran rediyo. Yau ma ga wata baƙa mai tsagaggen murfi a gabansa, wayar batirinta ta cire. Jiya ma irinta ya gyara, da irin wannan ciwon. Mutane ba su san darajar kaya ba. Da rana kuma sai ɗauko 'yarsa Auta daga makaranta, wannan ba ya wakilci. Sau ɗaya ya taɓa makara saboda atisaye, ya tarar da ita ita kaɗai a bakin get, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Ranar ya rantse mata ba za a sake ba.

Tsakanin rediyo da ƙararrawar tashi, ɗan lokacin da ya rage nasa ne, shi ma Sajan ta kulle shi. Abin yana cin ransa ƙwarai. Wani lokaci yakan tsaya a taga, ya riƙe ƙarfen, ya yi ta kallon tudun har idonsa ya kawo ruwa.

Aka ƙwanƙwasa. Mai kawo gas ne. Sajan ta buɗe, ta shige gaba tana nuna masa hanyar kicin, makullin na lilo a jikin ƙofa.

Barewa bai tsaya ɗaure igiyar takalmi da kyau ba.

Ya wuce shagon aski, ya wuce mai faci, ya yanke ta bayan gidan mai da bai tuna an gina ba.

"A hankali, Baba!" in ji mai facin.

Ko waiwaye bai yi ba. Yaran yanzu kowa Baba ne a wurinsu.

Tudun ya karɓe shi da tsakuwa. Ya rage taki, ya sunkuya kaɗan, yana jan numfashi ta hanci kamar yadda ya saba. Gwiwar hagu ta fara ƙorafi, ya yi banza da ita. Can ƙasa ya ji takun wani yana biyo shi, sai ya ƙara wuta. Yau ba wanda zai wuce shi.

Ya wuce tankin ruwa, inda kullum yake karaya. Ƙirjinsa na zafi, amma ga dutsen ƙololuwa can, jifa ɗaya. Daɗi ya kama shi har ya ji kamar ya yi ihu.

Sai iska ta kawo masa ƙarar ƙararrawa daga gindin tudu.

Ya tsaya cak. Ya dubi dutsen. Kaɗan ya rage, kaɗan ƙwarai, kuma ya san Sajan ba za ta sake barin ƙofa a buɗe ba kafin Asabar. Amma muryar nan da ta dushe ita ce a kunnensa. Ya juya ya gangara ta gajeriyar hanya, yana zamewa, yana dafa ƙasa.

Ya iske yara na ta fitowa daga makaranta. Mai gadi ya gaishe shi da ladabi, ya turo masa benci ba tare da ya tambaye shi komai ba. Barewa ya ƙi zama. Yana duba fuskoki ɗaya bayan ɗaya, yana neman jaka ja da kitso biyu. Taron ya ragu. Iyaye suka watse. Mai gadi ya ja get.

Tsoro ya rufe shi, ya zube a bencin.

Nan Sajan ta iso tana haki, silifas a hannu, ƙafarta duk ƙura har da jini a yatsa. Ashe ita ce mai takun nan, har tudun ta hau.

"Don Allah kada ki mayar da ni," ya ce. "Ki kulle ni gobe, ki ƙona takalmin ma in kin so. Amma Auta ba ta fito ba. Na yi mata alkawari."

Ba ta yi faɗa ba. Ta durƙusa a gabansa, ta ɗaure masa igiyar takalmin da ta kwance, ɗauri biyu, irin nasa sak. Mayafinta ya zame, furfura ta bayyana a gaban goshinta. Ta kama hannunsa mai tamoji, ta ɗora a kumatunta.

"Ta fito, Baba," ta ce. "Tuntuni ka ɗauko ta, ba ka makara ba. Ni ce Auta."