Lallen Angon Gidanmu

Tun zuwan sabon lalle, ba a kai amarya sai an shafa wa ango. In ya yi ja, lafiya lau. In kore, akwai ƙwayar cutar da ake ɗauka wurin kwanciya.

Ango, ƙanena Sahabi, ya ruga, mijina ya cafko shi, Kaka Tabawa ta danƙara masa lalle a tafin hannu.

"Wanke mu gani, ja'iri!" in ji Kaka.

Jawur! Gida ya kaure da guɗa.

"Baban Ummi, taso mu taka!" Na fizgo hannun mijina.

Na gaji da shan magani, ƙaiƙayi yana dawowa, shi yana cewa ƙazantata ce. Inda lallen ya fantsamar masa a hannu garin riƙe Sahabi, kore shar.

Na ɗaga hannun nasa sama.

"Kaka, ga wani angon!"