Rijiya a Fadamar Haya

Haya iri biyu ce, mai hankali kuwa yakan tantance wadda ya shiga kafin ya ɗauki fartanya. Akwai ta rani ɗaya: ka shuka, ka girbe, ka sallami mai wuri, ka kama gabanka. Akwai ta shekaru, wadda ake kiran dattawa su zaga iyaka su shaida. Ita ce mutum zai iya sakawa cikin abin hannunsa, da daɗinta da nauyinta. Ga misali.

Wani manomi mai 'yar gonar gado a kan tudu ya daɗe yana kwaɗayin fadama. Ran nan wata tsohuwa, wadda ɗanta ya tafi cirani, ta ba shi hayar tata. Murna ta hana shi tambayar har yaushe. Da gudu ya iso gida, hula a hannu, yana ƙwala kira tun daga zaure: "Fito ki yi guɗa, mun yi fadama!" Matarsa ta ce, "Malam, an kira dattawa?" Ya ce, "Dattawan ne za su yi mini ban-ruwa?" Washegari ya haƙa rijiya, ya ɗaure bakinta da duwatsu. Ya ja shingen ƙaya, ya dasa gwaba da mangwaro. Takin da ya tara domin gonar ubansa ya kwashe shi kaf a mangala, ya juye a can. Albasa ta yi kai kamar dunƙulen hannu, tumatir ya yi ja wur, masu wucewa suna tsayawa kallo, shi kuwa baki har kunne, yana kiran wurin "lambuna".

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ɗan tsohuwa ya dawo. Ya zaga, ya leƙa rijiya, ya yi godiya har ƙasa, ya ce bana shi zai noma wurin uwarsa. Ba wanda ya cuci wani. Dama ta rani ɗaya ce, kowa a garin ya sani, ban da manomin. Ya naɗe igiyar gugansa, don shi kaɗai ke ɗaukuwa, ya hau tudu. Gonar ubansa na nan fara fat, ko kwandon taki ba ta gani ba, ga shuka ta zo, ga iyali sun zuba mata ido.

Gaskiyar Hausawa: kayan aro ba ya rufe katara.