Ruwa Ya Ɗan Taɓa Gona

A bakin zaure Inna ta riƙo mayafin 'yarta. "Kada ki juye wa babanki labarin nan lokaci guda, jininsa bai sauka ba."

Ambaliya ce ta shafe musu gonar gero ta Kiyawa ƙaƙaf.

Inna ta shiga da ƙwaryar fura. "Malam, an ce ruwa ya ɗan taɓa gefen gona." Sauran sai gobe, sai jibi.

'Yar ta yi tsaye tana kallo. Shekara da shekaru tana bincike a jami'a a Dutse kan wani sinadari da ke zaune a bangon jijiya, ɗan'uwan wanda ke sa jini ja. In sinadarai masu ƙuna suka taso da saƙo, ba ya kashe su, ba ya kuma sakinsu duka. Kaɗan-kaɗan yake bari su wuce, kada jijiyar ta lalace. Ashe a hannun irinsa ta girma, hannun Inna.

Inna na fita, Malam ya yafito 'yar yana murmushi.

"Gonar duka ce ko? Tun a masallaci na ji. Ki yi shiru, ki bar ta ta gama kawo mini."