Lasifikar da Kawu Ya Cika wa Kuɗi

Saifullahi ya sake kaɗa igiyar jitarsa ta bes mai kaurin sauti, ƙaramar amfilifayar, wato lasifikar da ya jona jitar a jiki, ta yi gurnani kamar akuya mai mura. Ita kaɗai kuɗinsa za su iya saye a shagon nan na Talata Mafara, ga shi kuma ƙungiyarsu ta makaɗa na da wasan biki a Maradun.

Kawunsa Malam Maccido, limamin unguwarsu a Bakura, ya leƙo daga hanyar kasuwa. Saifullahi ya yi ƙoƙarin ɓoye jitar a bayansa.

"Bar ɓoyo, ɗana," in ji Malam. "Jona ta ga babban akwatin can, mu ji."

Ya jona, ya kaɗa. Har kwanon rufin shagon ya girgiza.

"Wanga ya kai. Ɗauka, ni ka cika maka sauran."

Saifullahi ya durƙusa yana godiya, hawaye na zubo masa. A motar komawa Bakura ya kira abokansa ya shaida musu cewa Kawu ya waye.

Malam ya ce a ajiye kayan a zaurensa saboda ɓarayi.

Washegari da la'asar Saifullahi na shan rake a bakin titi, sai ya ji muryar Kawu ta cika gari daga masallaci, da kauri da amo irin wanda ba ta taɓa yi ba.

"Jama'a, karatunmu na yau kan haramcin kiɗa ne. Amma mu fara da yi wa Saifullahi addu'a, da kuɗinai anka sayi rabin lasifikar ga."