Rabon Gadon Mai Ɗakin Gem

Zauna, ɗan nan, ajiye kwalin tukuna. Na ga kafinta ya sake shigo maka da wata kanta, matarka kuma ta ce mini ɗakin baƙi ya zama na kaset. Ba faɗa zan yi ba, na gaji da faɗa, haƙoran ma sun ƙare. Misali zan ba ka, in ka ga dama ka ɗauka.

An yi wani direban tirela a unguwar da na yi zaman aure. Mutumin kirki, ba ya shaye-shaye, ba ya rigima, abu ɗaya ne ya shiga ransa: wasan nan na talabijin da kuke kira gem. Duk garin da ya sauke kaya, Legas ne ko Kwatano, kafin ya nemi abinci sai ya nemi kasuwar 'yan gwanjo. Ya sayo na'ura, ya sayo kaset, da zamani ya juya aka koma faifai, ya bi faifai. Har ya san wanne aka daina yi, wanne ne saura 'yan ƙwayoyi a duniya. Amma fa wasan bai yi shi ba. Yaushe, mutumin da rabin ransa a kan kwalta yake? In ya dawo sai ya goge su da tsumma, ya jera su a ɗaki guda, ya kulle, ya rataya makulli a wuya kamar laya. Wasu ko ledarsu bai ɓare ba, wai in an ɓare daraja ta zube. 'Ya'yansa suka roƙa a bar su su yi wasan, suka gaji suka daina, suka girma suka watse. Kullum maganarsa ɗaya ce, ranar da ya ajiye tuƙi zai zauna ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya kuwa ajiye tuƙin, sai dai ba shi ya zaɓi ranar ba. Hawan jini ya kayar da shi a gindin mota, ɓarin dama ya shanye. Aka buɗe masa ɗakin, aka jona, aka ɗora masa abin dannawa a cinya. Wasan hannu biyu yake so, shi kuwa ɗaya ya rage masa. Na shiga dubiya na same su a haka: ɗan mutumin cikin talabijin yana tsaye wuri ɗaya yana jira a motsa shi, mai shi yana zaune yana kallonsa.

Da ya ji jiki ya ƙi, ya bar wasiyya da karkataccen baki, kada a raba ɗakin nan, a bar shi yadda ya jera shi. Bayan an share makoki malamin rabon gado ya zo, aka faɗa masa. Ya ce, "Allah ya jiƙansa, amma ɗakin ya bar hannunsa tun kafin a ɗaure masa haɓa. Na magada ne." Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida aka fito da kaya. To, ga inda gizo ke saƙar. Malam ya san rabon gona, ya san na shanu, amma bai san kowane kaset da uwarsa ba, in ba a cikin na'urarsa aka sa shi ba, ba ya ko tari. Magadan ma ba su sani ba. Ina za su sani, abin da ba a bari sun taɓa ba? Aka kasa da ido, babba da babba, ƙarami da ƙarami, aka fitar wa matarsa tumuninta, namiji kashi biyu mace ɗaya, aka jefa ƙuri'a. Na'ura ta tafi Zariya, kaset ɗinta ya tafi Gusau, wayoyin suka faɗa rabon wata 'ya da ke aure a ƙauye, ta yi igiyar shanya da su. Ba a cuci kowa ba, rabo ya tafi daidai, kuma duk cikinsu babu wanda ya tashi da abin da zai kunnu. Waɗanda suka gaji da ajiya suka kira 'yan gwangwan. Su kuwa ba ruwansu da wanne ne saura 'yan ƙwayoyi a duniya, sikeli suka sani. Ita matar tasa, faifai ta samu, buhu guda, ta ba ƙaninta manomi. Da kaka na bi ta gefen gonarsa ta shinkafa na gan su, an zura musu zare an rataye a kan sanduna, iska na juya su, suna walƙiya suna korar tsuntsaye. Waɗanda marigayi bai ɓare ba, manomin ne ya ɓare su da haƙori. Bayan duk shekarun nan a kulle, aikin da suka fara yi a duniya ke nan.

Ni ban ce kada ka saya ba, guminka ne. Amma na wanke gawar mata da yawa a garin nan, kuma abin wuya ake fara cirewa, ko na zinariya ne ko makulli. Wanda ka kunna yau kai da yaranka, shi ka mora. Sauran gadi kake yi wa wanda ba ka sani ba, ba albashi. Direban nan ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai toshi ana ce masa sai gobe, har aka ɗauke shi a makara. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce, duniya budurwar wawa.